Mura ce fa, to me ya kawo baƙin bayan gida?

Kai da ke karanta wannan a waya, ƙila yanzu haka majina kake ja. Hunturu ya shigo Kaduna, ƙura ta lulluɓe Unguwar Rimi, kowa tari da atishawa. Ka san yadda muke yi: a leƙa kemis a ce, "Malam, haɗa min na mura da ciwon jiki." A zubo ƙwayoyi kala huɗu a leda, ba suna, mu kora da ruwa, ciki ba komai.

Haka wani abokina ya yi kwana biyar. Ran na shida ya ga bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wani irin wari. Yana miƙewa jiri ya kwashe shi. Ashe jini ne. In jini ya zuba a tumbi, kafin ya bi hanji ya fito ya riga ya koma baƙi, shi ya sa ba a gane shi.

Cutar numfashi tana iya taɓa ciki. Ka tuna korona, wadda ta kama har Gwamna El-Rufai a Maris ɗin 2020? Likitoci sun ga ƙwayarta ba ta tsaya a huhu ba, tana shiga hanji, kuma wasu da aka kwantar sun yi zubar jini ta ciki, musamman masu olsa da ake ba maganin tsinka jini. Amma mu nan, gaskiya haɗin kemis ya fi ba ni tsoro. Ibuprofen, diclofenac, asfirin da Feldene duk suna raunana rigar da ke kare tumbi daga asid. Ka haɗa biyu, ba ka ci abinci ba, dama kana da olsa? Wallahi ganganci ne. Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, in ba ka wuce ƙa'ida ba.

Maganin ƙarin jini ma yana baƙanta bayan gida. Amma in ba ka shan sa, ko ka ga aman jini, ko amai mai kama da garin kofi, ko zuciya na bugawa da sauri, kar ka tambayi 'yan guruf ɗin WhatsApp. Asibitin Barau Dikko ba nisa. Ka tafi da ledar maganin, likita zai so ya ga me ka sha.