Tafi Guda na Shinkafa: Yadda Bishara Ta Sāke Ƙasar Mizoram

In aka ce aikin mishan yana sāke al'umma, hankalin yawancinmu yakan tafi kan gine-gine: makaranta, asibiti, rijiya, majami'a mai rufin kwano. Waɗannan duka alheri ne. Amma akwai makarantun mishan da suka zama kango bayan tafiyar waɗanda suka gina su, akwai kuma wuraren da aikin ya ƙara ƙarfi bayan baƙin sun koma gida. Me ya bambanta su? Tarihin wata ƙaramar jiha a Indiya zai taimake mu gane amsar.

Mizoram tana can kusurwar arewa maso gabashin Indiya, tsakanin Bangaladesh da Miyanma. Ƙasa ce ta tsaunuka da dazuzzukan gora. A ƙidayar 2011 mutanenta sun kai wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari, kashi 87 cikin ɗari Kirista ne, kashi 91 cikin ɗari kuma sun iya karatu da rubutu. A wannan ƙidayar, a duk jihohin Indiya Kerala ce kaɗai ta fi ta a wannan fanni. Amma a 1893 harshen Mizo ba shi da ko harafi ɗaya, babu kuma mai bi ko ɗaya a cikinsu.

Yadda suke kafin bishara

Mutanen Mizo suna zaune ne a ƙauyuka bisa kan tsaunuka, kowane ƙauye da sarkinsa. Sukan kai wa juna hari, su kai wa gonakin shayi na Turawa da ke kwari hari, jarumi kuma yakan dawo da kan abokin gaba don a san ya yi yaƙi. Wannan ne ya jawo sojojin Ingila suka mamaye tsaunukan wajen 1890.

Abin da ya fi nauyi a rayuwarsu shi ne tsoron aljanu. Sun gaskata cewa ruhohi suna zaune a manyan itatuwa da duwatsu da maɓuɓɓugan ruwa, su ne kuma ke kawo ciwo. In yaro ya kwanta, sai a kira boka, a yanka kaza ko alade ko kare, har dukiyar gida ta ƙare. Game da lahira kuwa, suna da wurin hutu da suke kira Pialral, amma shigarsa sai mai arziki da ya yi jerin manyan bukukuwa ya ciyar da gari, ko maharbin da ya kashe wasu namun daji da aka ƙayyade. Talaka da gwauruwa ba su da rabo a ciki.

Suna da kyawawan halaye kuma. Akwai abin da suke kira tlawmngaihna, wato mutum ya ƙi kansa domin wani: ya ɗauki kayan mai rauni a hanya, ya nome gonar mara lafiya, ya haƙa kabarin maƙwabci ba tare da an roƙe shi ba. Ku riƙe wannan kalma, za mu komo kanta.

Haruffa kafin komai

Ran 11 ga Janairu 1894 wasu samari biyu daga Ingila, J. H. Lorrain da F. W. Savidge, suka iso ƙasar ta kogi cikin kwalekwale. Wani attajiri mai suna Robert Arthington na birnin Leeds ne ya ɗauki nauyinsu. Mako biyar ke nan da saukar Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham a Legas, ran 4 ga Disamba 1893, da niyyar shigowa ƙasarmu. Har yau ranar 11 ga Janairu ranar hutu ce a Mizoram.

Abu na fari da suka sa a gaba shi ne harshen mutanen. Suka zauna suna saurare, suka tsara haruffa, suka buɗe 'yar makaranta a Aizawl cikin wannan shekarar. Cikin shekara huɗu sun fassara Luka da Yohanna da Ayyukan Manzanni tare da taimakon 'yan ƙasa, sun kuma rubuta nahawu da ƙamus. Ba su yi wa kowa baftisma ba kafin su tashi a ƙarshen 1897.

D. E. Jones na ikkilisiyar Firesbiteriya ta Wales ne ya karɓi aikin, Edwin Rowlands ya same shi a 1898. Sai a 1899 aka yi wa mutum biyu na fari baftisma, Khuma da Khara. Shekara biyar, mutum biyu. A 1903 Lorrain da Savidge suka dawo a ƙarƙashin mishan na Baftis, suka zauna a Serkawn da ke kudu. Ƙungiyoyin biyu suka raba ƙasar, arewa da kudu, suka yi aiki da fassara ɗaya da littafin waƙoƙi iri ɗaya, ba su yi gasar kwasar tumakin juna ba.

Karatu ya bazu da sauri domin wanda ya koya yakan koya wa na kusa da shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta miƙa makarantu ga mishan, suka riƙe su kusan shekara hamsin. Cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Mizo ya fito a 1959.

Falkaswa da dawowar ganga

A 1906 wasu masu bi na Mizo suka halarci taron ikkilisiya a tsaunukan Khasi, inda falkaswar da ta tashi a Wales a 1904 ta riga ta kai. Suka dawo da wutar. Mutane suka yi ta furta zunubansu da kuka, suna raira waƙa dare da rana. Falkaswa ta sāke zuwa a 1913 da 1919. Wasu sarakuna suka tsananta wa masu bi, suka ci su tara, suka kore su daga ƙauyuka, korarrun kuma suka kai bishara inda suka sauka.

Da farko ikkilisiya ta hana ganga a sujada, domin an saba kaɗa ta wurin shan giyar shinkafa da bukukuwan gargajiya. A falkaswar 1919 masu bi da kansu suka shigo da ita majami'a, suka soma tsara waƙoƙin yabo da muryar ƙasarsu. Daga nan bangaskiyar ta daina kama da kayan baƙo. An naɗa fasto na fari ɗan ƙasa, Chhuahkhama, tun 1913, yawancin ƙauyuka kuma daga bakin ɗan Mizo suka fara jin sunan Yesu.

Saƙon ya sami mutanen daidai inda ciwonsu yake. Ga mai tsoron aljanu, an ce Yesu ya fi ƙarfin ruhohi, babu sauran yanka. Ga talaka da mace, an ce ƙofar sama a buɗe take ba tare da biki ko farauta ba, gama an riga an biya. Tlawmngaihna kuwa ta sami sabon tushe a cikin Almasihu wanda ya ba da kansa domin waɗansu.

Bayi da marasa lafiya

Akwai al'adar da ake kira bawi: maraya ko matalauci ko mai laifi yakan fake a gidan sarki, daga nan shi da 'ya'yansa sun zama na sarki sai an fanshe su. Likitan mishan Peter Fraser, wanda ya iso a 1908, ya ce wannan bauta ce. Ya fanshi waɗansu da kuɗinsa, ya yi ta kai ƙara. Jami'in mulkin mallaka ya ga zai ɓata masa sarakuna, rikici ya yi tsanani har Fraser ya bar ƙasar a 1912. Maganar ta kai majalisar dokokin Ingila, waɗansu sarakuna da suka tuba suka saki bayinsu da kansu, al'adar kuma ta mutu daga baya. A 1928 aka kafa asibitin mishan a Durtlang, wanda yake aiki har yau a hannun ikkilisiya.

Tafi guda a kowace tukunya

Wajen 1910 ikkilisiya tana bukatar kuɗin tallafa wa matan da ke yawon wa'azi ƙauye ƙauye, mutane kuwa ba su da kuɗi. Sai mata suka ɗauki wata dabara da suke kira buhfai tham. Duk lokacin da uwar gida ta auna shinkafar da za ta dafa, safe da yamma, sai ta ɗebi tafi guda ta zuba a wani kwano dabam. Matan ikkilisiya su bi gida gida su tattara, a sayar da araha, sau da yawa ga mabukata na cikin gari, kuɗin ya shiga aikin Ubangiji.

Hikimar tana nan: babu gidan da ya yi talaucin da ba zai iya ba, babu wanda zai kwana da yunwa saboda tafi guda, kuma yara suna gani kullum. Waɗansu sun ƙara da itacen wuta da kayan lambu. Da yayyafi kogi kan cika. Fiye da shekara ɗari ana yi, kuma yau ikkilisiyar Firesbiteriya ta Mizoram tana ɗaukar nauyin ma'aikatan bishara fiye da dubu ɗaya daga baikon 'ya'yanta, a sassan Indiya da Nepal da wasu ƙasashe, har da Wales inda bishara ta fito musu. Abin da Bulus ya shaida game da ikkilisiyoyin Makidoniya a 2 Korintiyawa 8 ke nan, waɗanda suka bayar a yalwace suna cikin talauci.

Ranar gwaji

Kusan kowace shekara 48 gorar ƙasar takan yi fure, ɓeraye su ci 'ya'yanta su hayayyafa, su faɗa gonaki. Haka ya faru a 1959, yunwa ta shigo, mutane suka ga gwamnati ta yi musu sakaci. Fushin ya zama tawaye a 1966 a ƙarƙashin Laldenga. Jiragen yaƙin Indiya suka yi ruwan wuta a Aizawl, aka tattara ƙauyuka da ƙarfi, zuwa 1968 kuma 'yan mishan na Wales sun bar ƙasar.

Ikkilisiya ta tsaya da ƙafafunta. Shugabanninta, irin su Rabaran Zairema, suka tsawata wa 'yan tawaye kan zub da jini, suka kai kukan jama'a gaban hukuma kan zaluncin sojoji, suka yi ta kai da komowa tsakanin ɓangarorin biyu. Ran 30 ga Yuni 1986 aka sa hannu a yarjejeniyar salama, a 1987 Mizoram ta zama cikakkiyar jiha. Yau tana cikin jihohi mafi kwanciyar hankali a wannan yanki.

Abin da ya rage

Kada mu mai da su mala'iku. Mizoram ce jihar da cutar ƙanjamau ta fi yawa a tsakanin manya a Indiya in aka auna da yawan jama'a, miyagun ƙwayoyi da ke shigowa ta kan iyaka kuma suna cin samarinta. An yi asarar waɗansu al'adu marasa laifi a farkon zamani. Akwai kuma masu zuwa sujada domin kowa yana zuwa. Jikan mai bi ba ya gadon sabuwar haihuwa, dole kowace tsara ta ji bishara da kunnenta.

Abin da za mu ɗauka

Abubuwa huɗu sun fito fili. An ba mutane Maganar Allah da harshensu, aka kuma koya musu karanta ta. An miƙa shugabanci ga 'yan ƙasa da wuri. Bishara ta taɓa ainihin abin da ke damun su, wato tsoro da bauta da ciwo. An kuma koya wa masu bi bayarwa tun suna matalauta, ba a jira sai sun yi arziki ba.

A yankinmu akwai harsuna da yawa da har yanzu ba su da Sabon Alkawari, akwai masu bishara a ƙauyuka da ke yin watanni ba a aika musu da komai ba, akwai 'yan'uwa da rikici ya raba da gonakinsu. Sau da yawa mukan ce sai taimako ya zo daga waje. Amma a kowane gida ana auna masara ko dawa ko shinkafa kowace rana. Zumuntar mata za ta iya lissafawa: gida hamsin, tafi biyu a rana, mudu nawa ke nan a wata, buhu nawa a shekara? Dattawa kuma su tabbata an rubuta abin da ya shigo, an karanta wa jama'a inda ya tafi, gama bayarwa ba ta daɗewa inda babu amana.

Ubangijin girbi ya ba mu zuciyar farawa da abin da ke hannunmu. Amin.