Motar da ke karanta allon hanya: ina iyakar ƙwarewarta?

Sababbin motocin da ake ƙerawa don kasuwar Turai suna nuna wa direba iyakar gudun da doka ta yarda da shi a hanyar da yake kai. Lambar takan fito kusa da maleji, cikin da'ira mai jan baki, tamkar yadda take a allon bakin titi. Fasahar ta fara bayyana a 2008 a motoci irin su Opel Insignia da BMW 7 Series, a matsayin kayan alatu. Daga baya dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/2144 ta mayar da ita dole: ta hau kan sababbin samfura a Yulin 2022, sannan ta game kowace sabuwar mota daga 7 ga Yulin 2024. Ana kiran tsarin ISA a taƙaice.

Mota tana samun lambar ne ta hanyoyi biyu. Ta farko kyamara ce da aka liƙa a saman gilashin gaba, bayan madubin tsakiya, wadda ke ɗaukar hoton hanya tana miƙa wa manhajar da aka horar da ita kan siffar alluna da lambobi. Ta biyu taswira ce ta kwamfuta, irin wadda kamfanonin HERE da TomTom ke sayarwa, inda aka rubuta wa kowane yanki na titi iyakar gudunsa, sai na'urar GPS ta faɗa wa mota inda take. Yawancin motoci suna haɗa biyun, kuma idan suka saɓa, manhaja ce ke yanke wanda za a bi.

Idan allo yana da tsabta, yana fuskantar mota, da rana tsaka, kyamarar zamani ba ta cika kuskuren karatu ba. Abin da ya sauƙaƙa mata aiki shi ne yarjejeniyar Vienna ta 1968, wadda ta sa allunan gudu na mafi yawan ƙasashen Turai suka zama iri ɗaya. Amma hazo, ruwan sama mai ƙarfi, rana mai dukan gilashi da hantsi ko da la'asar, reshen bishiya, da fentin da ya koɗe, duk suna rage mata gani. A 2020 masu bincike na kamfanin McAfee sun liƙa ɗan baƙin salatif a kan lamba 3 ta wani allo mai mil 35 a awa, sai kyamarar Mobileye da ke cikin wasu motocin Tesla ƙirar 2016 ta karanta 85, motar kuma ta fara ƙara gudu. Direba da idonsa zai ga 35 ne ba tare da wani kokwanto ba.

Matsalar da ta fi girma dai ba ta karatu ba ce. Mota tana iya karanta lamba daidai, amma lambar ba tata ba ce. Allon da aka kafa don masu sauka daga babbar hanya, ko na ƙaramin titin da ke gefe, yakan shiga idon kyamara, sai motar da ke tsakiyar tagwayen hanya ta ɗauka an rage gudu. Manyan motocin kaya a Turai suna ɗauke da takardun 80 ko 90 a bayansu, masu kama da allon titi, kuma su ma sukan ruɗi manhaja. Ga kuma ƙananan allunan da ke ƙarƙashin babba, masu cewa dokar ta shafi masu jan tirela ne kawai, ko lokacin da titi ya jiƙe, ko wasu awoyi na yini. A Holan, tun Maris na 2020, iyakar gudu a galibin manyan hanyoyi kilomita 100 ce daga ƙarfe 6 na safe zuwa 7 na yamma, da dare kuma takan hau 120 ko 130 a wurare da dama. A Faransa 130 tana komawa 110 da zarar ruwa ya sauko.

Akwai kuma dokokin da babu lamba a allonsu sam. Rawayan allon sunan gari a Jamus yana nufin kilomita 50 a awa daga nan. A Birtaniya farar da'ira mai baƙin layi a karkace tana nufin mil 60 a hanyar da ba tagwaye ba, 70 a tagwayen hanya, ga ƙananan motoci. Wanda ya tsallaka daga Jamhuriyar Ailan zuwa Ailan ta Arewa kuwa ya bar kilomita ya shiga mil. A irin waɗannan wurare taswira ce madogara, ita kuma aibinta tsufa. Sifaniya ta sauke iyakar titunan cikin gari masu layi ɗaya a kowane hannu zuwa 30 a Mayun 2021, Wales ta mayar da mafi yawan titunan unguwanni daga mil 30 zuwa 20 a ranar 17 ga Satumbar 2023. Motar da ba a sabunta taswirarta ba za ta ci gaba da nuna tsohuwar lamba. Taswira ba ta kuma san aikin gyaran titin da aka fara jiya ba.

Ƙa'idar gwaji ta Tarayyar Turai mai lamba 2021/1958 ta fayyace ma'aunin da ake so. Ana tuƙa motar kilomita 400 a titunan cikin gari, na wajen gari da manyan hanyoyi, aƙalla kashi 15 cikin ɗari na tafiyar cikin duhu. Dole ta nuna lambar da ta dace a kashi 90 cikin ɗari na dukan nisan, da kashi 80 a kowane nau'in hanya. Lissafin a fili yake: mota tana iya yin kuskure a kilomita 40 daga cikin 400 ta kuma ci jarabawa. Wannan ma'auni ne mai sassauci ga na'urar da ke tsawata wa mutum, dokar kuma ba ta ba ta ikon ƙarshe ba. Don gargaɗin direban da ya wuce iyaka, kamfani yana iya zaɓar ƙara, ko girgiza, ko totur mai turo ƙafa baya, ko rage ƙarfin inji a hankali, amma a kowane hali direba yana iya take totur ya wuce. Yana kuma iya kashe tsarin, sai dai yakan dawo duk lokacin da aka sake tayar da mota. Gargaɗin ƙarya idan ya yawaita, direba yakan saba da kashe na'urar tun kafin ya bar gida, ta haka amfaninta ya tafi har a wuraren da take da gaskiya. Inda aka bar na'urar riƙe gudu tana bin lambar da kanta, kuskuren karatu yana iya sa mota ta rage gudu ba zato a gaban wata. A gaban shari'a kuwa allon bakin titi ne hujja, ba lambar da ke kusa da maleji ba.

Amurka ba ta wajabta tsarin ba. A Satumbar 2024 gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya ƙi sa hannu kan ƙudurin da ya nemi hakan a jiharsa. Allunan Amurka ma daban suke, farare masu kusurwa huɗu da rubutu a sama, don haka manhajar da aka horar a can ba lallai ta gane na Turai ba. Na'urar ƙayyade gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya a Fabrairun 2017 wani abu ne daban: lamba ɗaya aka ɗaure ta a kai, ba ta karanta allo, ba ta kuma bambance tsakiyar kasuwa da babbar hanya.