Ajiye sanyi cikin firigo ta hanyar ɓoyayyen zafi

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wani abu mai daskarewa da narkewa, in an saka shi cikin firigon gida, yake rage cin kuran, ya kuma tsare abinci lokacin da wuta ta ɗauke.

Asalin dabarar daga kimiyyar zafi take. Wajen shekara ta 1762, Joseph Black na ƙasar Sikotland ya lura cewa ƙanƙara tana shan zafi mai yawa sa'ad da take narkewa, alhali ma'aunin zafinta bai motsa ba. Wannan shi ake kira ɓoyayyen zafi. Kilo 1 na ƙanƙara yana shan kilojul 334 kafin ya narke sarai. Da wannan adadin ana iya ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 80. Ke nan ƴar ƙanƙara kaɗan rumbu ce babba ta sanyi.

A firigo na yau da kullum, kwamfiresa tana tashi tana tsayawa bisa umarnin tarmosta. Duk tashi yana da hasara, domin sai an sake haɗa matsin iskar gas ɗin da ya sauka lokacin tsayawa. In aka manna falle mai ɗauke da abu mai narkewa a jikin farantin sanyi, abu biyu suke faruwa. Na farko, fallen yana shanye zafin da ke shigowa, sai tsayawar kwamfiresa ta yi tsawo, yawan tashinta ya ragu. Na biyu, farantin ba ya sauka can ƙasa cikin sanyi, kuma gwargwadon raguwar tazara tsakanin sanyin faranti da zafin waje, gwargwadon sauƙin aikin kwamfiresa. Wani gwaji da aka wallafa daga Faransa a 2009 ya samu ƙarin ingancin aiki na kashi 10 zuwa 30 cikin 100, kuma firigon ya riƙe sanyi awa 5 zuwa 9 ba kuran, maimakon awa 1 zuwa 3.

Sai dai ribar tana rataye ne ga zaɓen abin. Dole ma'aunin narkewarsa ya dace da ɗakin da yake tsarewa. Ruwa zalla, mai narkewa a digiri 0, ya dace da ɗakin abinci. Ɗakin ƙanƙara kuwa, da ake so ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifiri, yana bukatar ruwan gishiri: mai kashi 23 cikin 100 yana narkewa wajen digiri 21 ƙasa da sifiri. Falle mai kauri fiye da kima ba ya daskarewa duka, ga shi yana cin wurin abinci. Ruwa kuma yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, saboda haka a bar masa fili cikin mazubinsa.

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40 kuma ɗaukewar wuta take yawaita a daidai lokacin, tambayar ta cancanci bincike. Firigogin allurar rigakafi masu bangon ƙanƙara sun riga sun nuna cewa dabarar tana aiki a ƙasashe masu zafi. Abin da ya dace ɗalibai su auna shi ne kaurin fallen da kwamfiresa za ta iya daskarar da shi tsakanin ɗaukewar wuta biyu, a cikin zafin bazara.