Dutse a Cikin Rijiya: Yadda Ake Bin Tambayar Fiziks

Ɗalibin da ya fara fiziks a sakandare, ko wanda ya shiga jami'a aka haɗa masa da kalkulas, kusan hanya ɗaya suke bi da aikin gida. A karanta tambaya sau ɗaya, a tsince lambobin da ke ciki, sai a shiga lalube a littafi ana neman fomular da za ta ɗauke su. Wani sa'in a dace. Amma ranar da malami ya ɗan juya tambayar, ko aka gamu da ita a takardar WAEC da wata fuska daban, sai ido ya raina fata.

Bari mu ɗauki tambaya guda mu bi ta sannu a hankali. An saki dutse daga bakin rijiya, ya taɓa ruwa bayan daƙiƙa 2. Mene ne zurfin rijiyar, kuma da wane gudu dutsen ya faɗa ruwa?

A ajiye kalkuleta tukuna. A zana rijiyar, a sa ɗigo a bakinta, a ja kibiya tana kallon ƙasa. Sakin dutsen aka yi, ba jifa ba, ke nan gudunsa na farko sifili ne. Wannan lambar ba a rubuta ta ba, amma tana cikin tambayar. Haka ma jan da ƙasa ke yi wa duk abin da ke faɗowa: kowace daƙiƙa gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa, ko da yake masu jarrabawa kan ce a ɗauki 10 don sauƙi. Da wannan, nisan faɗuwa shi ne 5t², inda t ke nufin lokaci. A sa 2, a sami mita 20. Rabin aiki ya ƙare.

Ba daga sama wannan 5t² ta faɗo ba. Galileo na ƙasar Italiya ne ya gano tushenta, a zamanin da babu agogon da zai kama abin da ke faɗowa. Sai ya yi dabara: ya riƙa gangaro ƙwallon tagulla a kan katako mai gangare don tafiyar ta yi sanyi, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ke tsiyaya daga wani mazubi. Ya ga nisan da ƙwallon ke ci a lokuta masu tsawo ɗaya yana bin 1, 3, 5, 7. An buga wannan a littafinsa na 1638. A rijiyarmu ma haka ne: mita 5 a daƙiƙar farko, 15 a ta biyu, da akwai ta uku da 25 ne.

A rabi na biyu ne ake yawan zamewa. Ɗalibi zai raba mita 20 da daƙiƙa 2 ya rubuta 10, hankalinsa kwance. Ai wannan matsakaicin gudun tafiyar ne gaba ɗaya, alhali dutsen ya fara a hankali ya ƙare da ƙarfi. Abin da aka tambaya shi ne gudunsa a daidai lokacin da ya taɓa ruwa. To yaya za a auna gudu a lokacin da ba shi da tsawo?

A ƙaddara rijiyar ta fi haka zurfi. A daƙiƙa 2.1 dutsen ya ci mita 22.05, wato ya ƙara 2.05 a cikin 0.1 na daƙiƙa. In an raba, gudun 20.5 ne. A matse tazarar: a daƙiƙa 2.01 ya ci mita 20.2005, gudun ya zama 20.05. A ƙara matsewa, a sami 20.005. Lambobin suna dosar 20, kuma ita ce amsar: mita 20 a daƙiƙa. Wannan matsewar ita ce zuciyar kalkulas. Ƙa'idar da ake haddacewa a aji, cewa 5t² na komawa 10t, gajeriyar hanya ce kawai zuwa inda muka iso da ƙafa. A ganina, duk malamin da ya ba da ƙa'idar bai sa ɗalibai sun yi wannan lissafin da hannu ko sau ɗaya ba, ya tauye su.

Isaac Newton ya ƙulla wannan ilimi a Ingila wajen 1665 zuwa 1666, lokacin da annoba ta rufe jami'ar Kambirij. Leibniz na Jamus ya gano shi da kansa, ya riga bugawa a 1684. An yi ta rigima kan wa ya fara, amma alamar dy/dx da ke kan allo yau ta Leibniz ce.

Saura ma'auni, wanda ɗalibai ke rainawa. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani sashe ya ba da lambobi da ma'aunin ƙarfi na fam, ɗayan kuma ya karɓe su a matsayin na nutan. A aikin gida, yawanci kilomita a awa ce ke kayar da mutum. Mota na gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki, gudun na raguwa da mita 5 a daƙiƙa kowace daƙiƙa. Ina za ta tsaya? Wanda ya cusa 72 yadda take zai sami fiye da mita 500, kuma da ya ɗan tsaya ya tambayi kansa ko ya taɓa ganin birkin da ya ja mota rabin kilomita, da ya gane akwai gyara. Kilomita 72 a awa mita 20 ce a daƙiƙa. Motar za ta tsaya cikin daƙiƙa 4, matsakaicin gudunta 10, nisan mita 40.

Yanzu mai karatu ya ɗauki biro ya ninka gudun zuwa kilomita 144 a awa, ya sake lissafin da kansa. Da yawa za su ce mita 80. Amsar mita 160 ce.