Bayani Kan Yadda Ake Gano Gurbin RAM a Kwamfutar Tafi-da-gidanka Kafin a Ƙara Mata Ƙarfi

A ofisoshin ƙananan hukumomi, da makarantu, da cibiyoyin lafiya na karkara, akan ji ma'aikata suna kukan cewa kwamfuta ta yi nauyi, ana buɗe takarda ɗaya sai an daɗe ana jira. Sau da yawa dalilin hakan shi ne ƙarancin RAM. Kafin a yanke shawarar sayen sabuwar kwamfuta, yana da kyau a san cewa ana iya ƙara wa yawancinsu RAM da kuɗi kaɗan, muddin an san inda gurbinsa yake da kuma irin wanda ya dace da ita.

Mene ne RAM?

RAM ma'adana ce ta wucin gadi inda kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a daidai lokacin. Za a iya kwatanta shi da turmi, ma'adanar dindindin kuwa da rumbu. Komai cikar rumbu, abin da turmi ya ɗauka shi kaɗai ake iya dakawa a lokaci guda. Da zarar an kashe kwamfuta, duk abin da ke cikin RAM yakan goge, saboda haka canza shi ba ya taɓa takardu ko hotunan da aka adana. Ana auna shi da gigabayit. Windows 11 tana buƙatar aƙalla gigabayit 4, amma aikin ofis na yau da kullum ya fi tafiya daidai da gigabayit 8. Wannan batu ya ƙara muhimmanci tun da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sai dai RAM kaɗai ba ya sa tsohuwar kwamfuta ta cancanci Windows 11, domin akwai wasu sharuɗɗa da suka shafi injinta.

A bincika kafin a kwance

Ba a fara da sukurudireba. A kwamfuta mai Windows 10 ko 11, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, sai Task Manager ya buɗe. A shiga Performance, sannan Memory. Nan za a ga yawan RAM da saurinsa, da wani layi mai suna Slots used. Idan an ga 1 of 2, ma'anarsa gurabe biyu ne, ɗaya kuma babu komai a ciki. Wani lokaci wannan ƙidaya takan saɓa da abin da ke ciki, don haka a duba lambar samfurin kwamfutar a ƙasanta, a nemi littafin gyaranta a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta. Kamfanonin HP da Dell da Lenovo suna sanya irin waɗannan littattafai kyauta, tare da zanen wurin kowane gurbi da iyakar RAM ɗin da kwamfutar za ta iya ɗauka.

Wuraren da gurbin yake kasancewa

1. Ƙarƙashin ɗan ƙaramin murfi a bayan kwamfuta. Wannan ya fi yawa a tsofaffin kwamfutoci. Sukuru ɗaya ko biyu ne ke riƙe da murfin.

2. Ƙarƙashin babban murfin ƙasa. A yawancin kwamfutocin zamani, kamar HP EliteBook 840 G3 mai gurabe biyu, sai an cire murfin ƙasa gaba ɗaya. A wasu samfurori akan rufe gurbin da baƙar leda ko siririn ƙarfe, har mutum ya zaci babu shi.

3. Ƙarƙashin allon madannai. A Dell Latitude D630 da Lenovo ThinkPad T410, gurbi ɗaya yana baya, ɗayan kuma yana ƙarƙashin madannai. Wanda ya buɗe baya kaɗai zai ɗauka gurbi ɗaya ne ke akwai.

4. Babu gurbi sam. A wasu siraran kwamfutoci, ciki har da MacBook Air na kamfanin Apple, an liƙe RAM a jikin babban allon kwamfutar tun daga masana'anta, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Wasu kuma, kamar ThinkPad T450s, suna da gigabayit 4 a liƙe tare da gurbi ɗaya na ƙari.

Zaɓen irin da ya dace

RAM na kwamfutar tafi-da-gidanka ana kiran sa SO-DIMM, tsawonsa kusan santimita 7, ya fi na kwamfutar tebur gajarta. Iri-iri ne, kuma wani ba ya shiga gurbin wani. DDR3 yana da haƙora 204, DDR4 yana da 260, DDR5 kuma 262. Kowanne yana da 'yar tsaga a gefen haƙoransa a wuri dabam. A karanta takardar da ke manne a jikin wanda ke ciki: PC3 na nufin DDR3, PC4 na nufin DDR4. Idan an ga PC3L, to DDR3L ne mai aiki da bolt 1.35 maimakon 1.5, kuma kwamfutar da aka ƙera dominsa ba lallai ta tashi da DDR3 na gama-gari ba. Idan aka haɗa mai sauri da maras sauri, duka biyun za su yi aiki da saurin na ƙasa. Ya fi kyau su zama masu girma ɗaya da sauri ɗaya. Haka kuma Windows mai bit 32 ba ta amfani da fiye da kimanin gigabayit 4, ko da an sanya mata 8.

Matakan sanyawa

A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare wayar caji, a cire batir. Idan batirin na ciki ne, a zare 'yar wayarsa daga allon da zarar an buɗe murfi. A taɓa wani ƙarfe kafin a taɓa kayan ciki, musamman a lokacin hunturu, domin busasshiyar iska takan sa jikin mutum ya tara lantarkin da ke iya ƙona RAM ba tare da an ga alama ba. A riƙe RAM ta gefe, kada a taɓa haƙoransa masu ruwan zinare. Idan za a cire tsohon, a buɗa 'yan ƙarafa biyu da ke riƙe da shi hagu da dama, zai ɗago da kansa, sai a zare shi. A daidaita tsagar sabon da ta gurbi, a tura shi a karkace har haƙoran su shige, sannan a danna shi ƙasa har ƙarafan su kama. Idan ya ƙi shiga, kada a yi masa ƙarfi: ko an juya shi, ko ba irinsa ba ne.

Bayan an mayar da murfi, a kunna, a sake duba Task Manager. Idan fuskar kwamfuta ta tsaya baƙa, ko aka ji tana ƙara, ko fitilarta tana ƙiftawa, yawanci RAM ɗin bai zauna daidai ba ne. A kashe, a cire, a sake sanyawa.

Jan hankali ga ma'aikata da sauran jama'a

Kwamfutar ofis dukiyar al'umma ce. Kada ma'aikaci ya kwance ta sai da izinin shugaban sashe da sanin jami'in da ke kula da kwamfutoci, kuma a rubuta girman RAM ɗin da aka cire da wanda aka sanya a littafin kayan ofis. Idan tana cikin wa'adin garanti, a karanta sharuɗɗansa tukuna. Wanda zai kai tasa wurin mai gyara ya rubuta yawan RAM ɗinta kafin ya miƙa ta, ya sake dubawa a gaban mai gyaran lokacin karɓa, ya kuma nemi a ba shi tsohon da aka cire. Mai sayen kwamfuta ta hannu shi ma ya tambayi yawan gurabenta kafin ya biya kuɗi.

A ƙarshe, a lura cewa ba kowane nauyi ne RAM ke magancewa ba. Idan Task Manager ya nuna RAM bai cika ba alhali kwamfuta tana jan ƙafa, to a duba ma'adanar dindindin, ko ƙurar da ta toshe fanka, ko muguwar manhaja, kafin a kashe kuɗi.