Matakan da Mata Baƙaƙen Fata Ke Bi Kafin Su Kai Sama a Aikin Fasaha

A shekarar 2020, kamfanin McKinsey da ƙungiyar LeanIn sun fitar da rahotonsu na shekara-shekara kan halin da mata ke ciki a kamfanonin Amurka, har da na fasahar zamani. Rahoton ya nuna cewa duk lokacin da aka ɗaga maza 100 zuwa muƙamin manaja, mata 85 ake ɗagawa. Idan aka ware mata baƙaƙen fata aka lissafa su daban, adadin sai ya sauko zuwa 58. Wannan kuwa shi ne ƙarin girma na farko a rayuwar ma'aikaci. Daga cikin manajoji ake zaɓen daraktoci, daga cikin daraktoci ake zaɓen shugabanni, saboda haka wadda aka tsallake tun a nan da wuya ta sake cim ma sa'o'inta.

Shawarar da aka fi ba yarinya mai sha'awar aikin kwamfuta ita ce ta dage da karatu ta ƙware, sauran zai biyo baya. Dagewar wajibi ce, amma tarihin matan da suka riga ta bai nuna cewa sauran yana biyowa da kansa ba. Akwai matakai shida da ke tsakanin ƙwarewa da muƙami, kuma kowanne yana da irin tasa wahalar.

Kafin mu shiga cikinsu, ya kamata a san dalilin da ya sa ake ware waɗannan mata da magana. A 1976 wasu mata baƙaƙen fata biyar sun kai kamfanin motoci na General Motors ƙara, suna cewa an zalunce su a matsayinsu na mata kuma baƙaƙe. Kotu ta ƙi yarda a haɗa ƙorafin biyu wuri guda: ko dai su yi ƙarar wariyar jinsi, ko ta launin fata. Ga shi kamfanin yana ɗaukar mata, yana kuma ɗaukar baƙaƙe, sai dai matan galibi farare ne, baƙaƙen kuma galibi maza. A 1989 masaniyar shari'a Kimberlé Crenshaw ta yi amfani da wannan ƙara ta nuna cewa wadda matsalolin biyu suka haɗu a kanta tana iya faɗawa tsakani, shirin taimaka wa mata bai same ta ba, na taimaka wa baƙaƙe ma bai same ta ba.

Matakin farko shi ne samun shiga. A 1941 jagoran 'yan ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar kwaso dubban baƙaƙen fata su yi tattaki zuwa Washinton, saboda ana hana su aiki a masana'antun kayan yaƙi. Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan umarnin da ya haramta wariya a irin waɗannan ayyuka. A 1943 cibiyar binciken jiragen sama ta Langley, a garin Hampton na jihar Bajiniya, ta fara ɗaukar mata baƙaƙen fata masu ilimin lissafi. Injiniyoyi su kawo alƙaluman gwaji, su kuma su zauna da fensir da takarda da injin lissafi na kan tebur su warware. An ware musu ofishinsu a ɓangaren yamma, da banɗakinsu, da teburin cin abincinsu. Da yawansu malaman makaranta ne kafin nan, wato ilimin yana nan tun tuni, ƙofa ce babu, kuma matsin lamba da buƙatar yaƙi ne suka buɗe ta. A yau ƙungiyoyi ne ke ƙoƙarin faɗaɗa ƙofar. Injiniya Kimberly Bryant ta kafa Black Girls Code a 2011 domin koya wa 'yan mata rubuta manhaja tun suna ƙanana, Ada Nduka Oyom kuma ta kafa She Code Africa a Najeriya a 2016.

Mataki na biyu shi ne kada ilimin mutum ya tsufa a hannunsa. Dorothy Vaughan ta shiga Langley a 1943, kuma a 1949 aka ɗora ta kan jagorancin sashen lissafi na baƙaƙen mata, ta zama baƙar fata ta farko da ta shugabanci wani sashe a hukumar da cibiyar ke ƙarƙashinta. A 1958, lokacin da hukumar ta zama NASA, aka soke wariyar ofisoshi, aka rushe sashen nata. A daidai wannan lokaci manyan kwamfutoci suka fara karɓe aikin da ake yi da hannu. Vaughan ta ga kiɗa ya sauya, sai ta sauya rawa: ta koyi FORTRAN, harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi, ta ƙware, ta kuma ja matan da suka yi aiki a ƙarƙashinta suka koya. Da haka aka ci gaba da damawa da su maimakon a sallame su. Darasin bai tsufa ba, domin kayan aikin da ake yayi yau cikin 'yan shekaru ake jingine su, ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta zo tana karɓe ƙananan ayyukan da sababbin ma'aikata ke fara koyon sana'a da su. Sai dai labarin Vaughan yana da ƙarshen da ba a cika faɗa ba. Ta nemi wani muƙamin shugabanci a Langley, ba ta samu ba har ta yi ritaya a 1971. Sabon ilimi ya tsare mata aikinta, amma bai ɗaga ta ba.

Wannan ya kai mu ga mataki na uku, wato a san wanda ya yi aikin. Katherine Johnson ta shiga Langley a 1953. A lokacin ba a saba barin mata su shiga zaman da injiniyoyi ke tattauna bincike ba. Su dai a miƙo musu alƙaluma su mayar da amsa. Ta yi ta tambaya ko akwai dokar da ta hana, har aka gaji aka bar ta tana shiga. A 1960 sunanta ya fito kan wani rahoton bincike tare da na injiniya Ted Skopinski, karon farko da aka rubuta sunan mace a matsayin marubuciyar rahoto a sashensu. Amfanin haka ya fito a 1962, sa'ad da ake shirin harba ɗan sama jannati John Glenn ya kewaya duniya. Kwamfuta ta riga ta lissafa hanyar da kumbonsa zai bi, amma Glenn ya ce a ba Johnson ta sake bi da hannu, in ta ce daidai ne to ya shirya. Ta zauna da injin lissafinta ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, suka dace. Da ba a san sunanta ba, da babu wanda zai neme ta.

A kamfanonin yau abin ya fi haka rikitarwa, domin manhaja ɗaya mutane da yawa ke haɗuwa su gina, kuma wanda ya tashi ya yi bayani gaban manya shi ake ɗauka ya yi. Akwai kuma ayyukan da aka fi jibga wa mata: rubuta bayanan taro, shirya walima, karɓar sababbin ma'aikata, wakiltar kamfani duk inda ake son a nuna cewa ba a wariya. Suna cin lokaci, amma ranar duba ƙarin girma ba su ake ƙirgawa ba. Abin da ma'aikaciya za ta yi shi ne ta riƙa ajiye bayanin abin da ta gina, da matsalar da ya magance, da kuɗi ko lokacin da ya ceto wa kamfani. Ta nemi ta gabatar da aikinta da bakinta. Ta kuma tambayi shugabanta tun farkon shekara, a rubuce, abin da ake buƙata kafin a kai mutum mataki na gaba.

Mataki na huɗu shi ne samun mai tsaya mata. Mai ba da shawara daban, mai tsayawa daban. Duk wanda ya san kasuwa ya san bambancin: akwai dattijon da zai gaya wa yaron shago yadda ake ciniki, akwai kuma ubangidan da zai kai shi wurin dila ya ce a ba shi kaya bashi, shi ya tsaya masa. Na biyun ya sa sunansa a ciki. Mary Jackson ta fara aiki a ƙarƙashin Vaughan a 1951. Bayan shekara biyu injiniya Kazimierz Czarnecki ya ɗauke ta zuwa sashensa, inda ake hura iska mai gudun da ya zarce na sauti a kan samfurin jirage, ya kuma ce ta shiga horon zama injiniya. Darussan da dare ake yin su a makarantar sakandaren Hampton, wadda ta farare ce zalla, don haka sai da ta nemi izini na musamman daga hukumar birnin kafin ta zauna a ajin. A 1958 ta zama injiniya mace baƙar fata ta farko a NASA.

Haka Ursula Burns. Ta shiga kamfanin Xerox a 1980 a matsayin ɗaliba mai neman sanin makamar aiki. A 1990 wani babban jami'i, Wayland Hicks, ya nemi ta zama mataimakiyarsa ta musamman, shekara guda bayan nan ta koma ofishin shugaban kamfanin, Paul Allaire. A nan ta ga yadda ake yanke shawara, manya kuma suka ga yadda take tunani. A 2009 ta gaji Anne Mulcahy a shugabancin kamfanin, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin manyan kamfanoni 500 na Amurka. Matsalar dai ita ce mutum yakan tsaya wa wanda ya yi kama da shi, wanda suka fito makaranta ɗaya ko suke zama majalisa ɗaya. Inda manya duk maza ne farare, wadda ba ta cikin da'irar sai an yi da gangan za a tuna da ita.

Mataki na biyar na masu son kafa nasu kamfanin ne, kuma a nan giɓin ya fi faɗi. Wani bincike da ƙungiyar digitalundivided ta Kathryn Finney ta fitar a 2016 ya gano cewa daga 2012 zuwa 2014, kashi 0.2 cikin 100 kacal na yarjejeniyoyin zuba jari a sababbin kamfanoni ne suka je hannun mata baƙaƙen fata. Dalilin yana cikin yadda harkar ke tafiya. Kuɗin farko daga dangi da abokai yake fitowa, iyalan baƙaƙen Amurka kuwa dukiyarsu ba ta kai ta farare ba ko kusa. Masu zuba jari kuma sun fi sauraron wanda wani na jikinsu ya gabatar. Duk da haka akwai waɗanda suka ƙetare. Funke Opeke ta yi shekaru tana aikin sadarwa a Amurka, ta dawo Najeriya a 2005, ta kafa MainOne. A 2010 kamfanin ya kammala shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, daga baya kamfanin Equinix ya saye shi kan dala miliyan 320. Abin da ta tunkari masu kuɗi da shi shi ne gogewar shekaru, da sanin mutane, da matsalar da kowa ya san tana nan.

Mataki na shida shi ne samun ikon gyara abin da ake ginawa. Joy Buolamwini, 'yar asalin Gana, tana ɗaliba a jami'ar MIT ta lura manhajar gane fuska ba ta ganin fuskarta, sai in ta rufe ta da farar fuskar roba. Ita da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka tattara hotuna 1,270 na 'yan majalisun Ruwanda, Senegal, Afirka ta Kudu da ƙasashe uku na arewacin Turai, suka gwada manhajojin kamfanoni uku, ciki har da IBM da Microsoft. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna kuskuren tantance jinsi bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba a kan maza masu hasken fata, amma ya kai kashi 34.7 a kan mata masu duhun fata. An horar da manhajojin ne da hotunan da galibinsu na farare ne. Kamfanonin sun koma sun yi gyara, a 2020 kuma IBM ya ce ya daina sayar da irin wannan manhaja. Faɗin gaskiya irin wannan yana da tsada. A ƙarshen 2020 Gebru ta rabu da Google, inda take aiki, bayan saɓani kan wata takardar bincike. Ita ta ce korar ta aka yi, kamfanin ya ce murabus ɗinta ya karɓa. A 2021 ta kafa cibiyar bincikenta mai zaman kanta.

Mary Jackson ma ta biya nata farashin. A 1979, bayan ta ga an daina ɗaga ta, ta bar aikin injiniya ta karɓi muƙamin da bai kai nata ba, na kula da shirin mata a Langley, domin ta sa ido kan yadda ake ɗaukar mata da yadda ake ƙara musu girma.

Idan aka duba matakan nan shida, za a ga biyu ne kawai suke hannun ma'aikaciya sosai: sabunta iliminta da tabbatar da an san aikinta. Sauran huɗun suna buƙatar wani ya buɗe ƙofa, ko ya sa sunansa, ko ya sa kuɗinsa, ko ya saurara. Don haka kamfanin da ke cewa yana ƙarfafa mata baƙaƙen fata, ba yawan tarukan da ya shirya musu za a duba ba. A tambaye shi mata nawa ya ɗauka, nawa ya ɗaga zuwa manaja, nawa yake biyansu idan aka kwatanta da abokan aikinsu, nawa kuma suka ajiye aikin kafin su kai ko'ina. Wadda ke neman aiki ma tana da haƙƙin yin waɗannan tambayoyi tun a zaman ganawa, kafin ta sa hannu a takarda.