Yadda ɗalibi zai karanta littafin adabi har ya iya yin sharhi a kansa

Da zarar jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, ɗalibai da yawa kan nemi taƙaitaccen bayanin littattafan adabi su haddace. Sai dai tambayoyin ba sa tsayawa kan abin da ya faru a labari. Ana tambayar jigo da salo da halayen taurari, kuma wanda bai kawo hujja daga cikin littafin ba zai yi asarar maki.

Mafita ita ce karatu da alƙalami a hannu, ana yi wa littafi tambayoyi.

Leƙa kafin ka shiga

Fara da duba sunan littafin, da marubucinsa, da zamanin da aka rubuta shi, da kanun babi-babi. Wannan ne matakin farko a tsarin karatun da masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Francis Robinson, ya fito da shi a shekarun 1940: dubawa, tambaya, karantawa, maimaitawa da ka, sannan bita.

Tambayi dalili

Ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A littafi na ɗaya, aku ne ke ba Musa ɗan sarki labarai. Mai karatun nishaɗi zai ji daɗinsu ya wuce. Mai nazari kuwa zai tambaya: me ya sa akun yake ba da su? Amsar ita ce yana jan hankalin yaron ne don kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon Waziri. Daga nan ɗalibi zai ga yadda aka saƙa ƙananan labarai cikin babban labari, ya kuma gane dalilin sunan littafin: magana ce ta tsare ran ɗan sarki.

Rubuta, sannan ka rufe

Ja layi ƙarƙashin karin magana, da kalmomin da ake yawan maimaitawa, da wurin da halin tauraro ya sauya. Idan littafin na aro ne, rubuta a takarda tare da lambar shafi.

A ƙarshen kowane babi, rufe littafin ka faɗi abin da ya ƙunsa cikin jimla biyu. Inda ka kakare, nan za ka koma ka sake karantawa tun kafin ranar jarrabawa.